Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Gandun Doguwar Ciyawa na Tallgrass a Jihar Kansas

Tun da na fara kai baƙina wannan gandu, 'yan uwa mazauna Amurka, musamman ɗalibai da masu iyali, suke ta yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya: ina ne, me ake gani, ana kwana, babu haɗari? Ga amsoshin a wuri guda, gwargwadon abin da ƙafata ta taka kuma idona ya gani.

Wane irin wuri ne, kuma a ina yake?

Cikakken sunansa Tallgrass Prairie National Preserve. Yana cikin gundumar Chase a jihar Kansas, a tsakiyar Amurka, kimanin kilomita 3 arewa da wani ƙaramin gari da ake kira Strong City, a bakin titin K-177. Faɗinsa ya kusa eka 11,000, wato wajen murabba'in kilomita 44. An kafa shi da doka ranar 12 ga Nuwamba, 1996.

Kusan dukan ƙasar mallakar wata ƙungiyar kare muhalli ce mai suna The Nature Conservancy, wadda ta saye ta a 2005, tana kuma kula da ita tare da hukumar gandayen ƙasa ta Amurka, National Park Service. Wannan haɗin gwiwa yana da dalili. Lokacin da aka fara maganar kafa gandun, makiyayan yankin da yawa sun ƙi amincewa gwamnatin tarayya ta mallaki babban fili a tsakiyarsu. Sanata Nancy Kassebaum ta Kansas ce ta shiga tsakani, aka daidaita a kan cewa gwamnati ba za ta mallaki fiye da eka 180 ba, sauran ya zauna a hannun masu zaman kansu.

Na ji an ce ciyawa ce kawai. Me zai kai mutum kallon ciyawa?

Gaskiya ne, ciyawa ce. Amma irin wannan doguwar ciyawa a da ta rufe eka miliyan 170 na Arewacin Amurka, tun daga Kanada har Texas, faɗin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na Najeriya baki ɗaya. Yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Sauran duk ya koma gonakin masara da alkama da waken soya. Mafi yawan abin da ya tsira yana nan a tuddan Flint Hills, inda gandun yake.

Ranar da na fara zuwa, a watan Oktoba, na tsuguna a bakin rafi na kama wani dogon kara da ya fi ni tsayi. Ganyensa ya yi ja-ja kamar tagulla, kansa ya rabu gida uku kamar ƙafar talotalo. Ina murza shi a hannu na ji kamar na san shi, kamar gambar da ake yanka a bayan gari bayan damina a saƙa zana. Daga baya na gano ba zato ba ne. Wannan ciyawa da suke kira big bluestem, ita da gamba dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, duka biyun 'yan gidan Andropogon ne. Na daɗe a wurin ban tashi ba.

Ita da wasu uku, little bluestem da Indian grass da switchgrass, su ne manyan ciyayin wurin, amma a tsakaninsu akwai tsirrai kusan iri 500 da tsuntsaye kusan iri 150. Wanda ya tsaya a bakin titi ya leƙa ta tagar mota zai ce babu komai. Sai ka shiga da ƙafa, ka yi nisa har motoci su ɓace maka, sannan za ka fara ganin iska tana kaɗa tudu guda kamar ruwan tafki, inuwar gajimare tana gudu a kai, ba gini ba sandar lantarki har iyakar ganinka.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun da wuri: ba ko'ina ciyawar take fin mutum tsayi ba. A kwari, kusa da ruwa, takan kai mita biyu a ƙarshen Satumba idan an sami ruwan sama. A kan tudu kuwa sau da yawa iyakarta gwiwa ko ƙugu. Mafi yawan jikinta ma a ƙarƙashin ƙasa yake, saiwar da ke bin tsagin duwatsu tana neman laima.

Me ya sa nan ya tsira, sauran wurare suka zama gona?

Dutse. Shekaru kusan miliyan 280 da suka wuce, teku marar zurfi ne ya rufe wannan yanki, ya bar shimfiɗar dutsen farar ƙasa gauraye da dutsen ƙyastu. Ƙasar da ke kan tuddan ba ta da kauri, kana tona kaɗan za ka ci karo da dutse. Manoman da suka iso a ƙarni na 19 sun gwada garma, dutsen ya ƙi. Sai suka bar wa masu shanu. Sunan Flint Hills ma ma'anarsa ke nan, tuddan dutsen ƙyastu, kuma ya samo asali ne daga abin da wani hafsan soja mai bincike, Zebulon Pike, ya rubuta lokacin da ya ratsa wurin a 1806. In ka duba ƙasa a kan hanya za ka ga ɓaraguzan dutsen, masu kaifi, shi ya sa silifas ba ya aiki a nan.

Yaya ake zuwa, kuma nawa ake biya?

Ba a biyan ko sisi, shiga da ajiye mota duk kyauta ne. Amma sai da mota, don babu bas da ke kai mutum ƙofar gandun. Daga Wichita tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Daga Kansas City wajen awa biyu, ka bi babban titin I-35 zuwa Emporia, ka kama US-50 yamma zuwa Strong City, ka juya arewa. A sha mai a Emporia. Akwai ofishin baƙi mai banɗaki da ruwan sha da taswira, kuma yana da lokacin buɗewa da rufewa, amma hanyoyin tafiya a buɗe suke dare da rana.

Wane wata ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ido ke so. Ni dai in za a ba ni zaɓi ɗaya, tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba zan ɗauka. Zafi ya karye, ƙwari sun ragu, ciyawa ta kai ƙarshen tsayinta ta rine ja da ruwan zinariya.

Mayu da Yuni kuwa lokacin kore ne shar, furanni sun buɗe, tsuntsaye na ta kuka, 'yan maruƙan ɓaunar Amurka, wato bison, suna bin iyayensu. Sai dai lokacin hadari ne. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, yakan haura digiri 35, kuma a kan tuddan babu inuwa ko ta sanda. Kada wani ya ce ai ya saba da ranar Sakkwato ko ta Maraɗi. Zafin can busasshe ne, na nan kuwa mai laima ne da ke hana gumi bushewa, yana gajiyar da mutum da wuri. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai ƙanƙara, ga iska marar shamaki da ke ratsa riga uku. Wurin yana da kyau a lokacin, shiru kamar ba kowa a duniya, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar ya fara da shi.

Na ga hotunan wurin yana cin wuta. Gobara ce?

A'a, da gangan ake sa ta, kuma in babu ita babu gandun. Kowace shekara, galibi a Maris da Afrilu, makiyayan Flint Hills da ma'aikatan gandun suna ƙona busasshiyar ciyawar bara. Wutar tana cinye tarin tattaka, tana kashe ƙananan itatuwa, ƙasa ta yi baƙi ta sha rana ta yi ɗumi. Da yake ran ciyawar a ƙarƙashin ƙasa yake, ba a yin mako biyu zuwa uku sai ka ga toho ya fito kore a kan toka. Idan aka daina ƙonawa na wasu shekaru, itatuwa, musamman wani mai suna eastern redcedar, sai su mamaye fili ya zama kurmi. 'Yan asalin ƙasar sun san haka tun kafin zuwan Turawa, suna sa wuta don sabon toho ya jawo ɓauna.

Wanda ya tashi a karkara ya san ƙona daji a lokacin hunturu, ya kuma san ɓarnar da yake yi idan ya ƙwace. Bambancin da na gani a nan shi ne tsari. Ana duba ƙarfin iska da inda ta dosa, ana share iyaka, ana tanadar motocin ruwa, kuma a cikin gandun ba a ƙona ko'ina a shekara guda. Ana ƙona wani yanki a bar wani, dabbobi su koma kan sabon toho, wanda aka bari ya huta ya zama maɓoyar tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa. Duk da haka abin yana da farashinsa. Hayaƙin yakan kai manyan birane har ya ɓata iskar shaƙa, kuma ana ta muhawara a kai a jihar. Mai asma ya yi hattara da Afrilu. A ranar da ake ƙonawa ana rufe hanyoyin da abin ya shafa, don haka a tambaya a ofis kafin a shiga.

Wace hanya zan bi?

Hanyoyin tafiyar ƙasa sun haura kilomita 60 in aka haɗa su, amma uku sun ishi baƙo.

Southwind Nature Trail ba ta kai kilomita 3 ba. Tana farawa kusa da tsohon gidan dutse, ta gangara ta haye ƙaramin rafi, ta kai ka wata tsohuwar makaranta mai aji ɗaya mai suna Lower Fox Creek. Awa guda ta isa. Bottomland Trail tana kwari, shimfiɗaɗɗiya ce, keken guragu ma yana iya bi, kuma a nan ne za ka ga ciyawa mafi tsayi.

Wadda na fi so ita ce Scenic Overlook Trail, wajen kilomita 10 zuwa da dawowa. Tsohuwar hanyar motar makiyaya ce mai tsakuwa, tana hawa a hankali, tana ratsa makiyayar da ake kira Windmill Pasture inda ɓauna suke. Rabin awa na farko mutane da yawa kan gaji su juya, don gani suke ba abin da ke sauyawa. Kada ka juya. Bayan ka wuce tudu na biyu, gidan da titin duk sun ɓace, sai kai da iska da kukan wani tsuntsu mai rawayan ƙirji da suke kira meadowlark, yana zaune a kan turken shinge. A ƙarshen hanyar kana iya juyawa ta kowace kusurwa ba abin da ya tare maka ido. A ware awa uku zuwa huɗu, a kuma fita da sassafe. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe ta a bayanka. Ba a hawa keke a waɗannan hanyoyi, mai kare kuma akwai hanyoyin da aka ware masa, ba a shiga da shi makiyayar ɓauna.

Ɓaunan nan fa, suna da haɗari?

Suna da shi, kuma a nan ba na sassauta magana. Dabbar da suke kira bison, wadda nake ce wa ɓaunar Amurka, ba saniya ba ce. Namiji yakan kai kilo 900, yana kuma gudun da ya kai kilomita 55 a awa, wanda babu ɗan adam da zai tsere masa. A makiyayar babu shinge tsakaninka da su. A bar aƙalla mita 100, wato tsawon filin ƙwallo.

Wata safiya ni da wani abokina mun hau tudu sai muka tarar da wani ƙaton namiji kwance a tsakiyar hanya, yana birgima a ƙasa, ƙura na tashi. Ya miƙe, ya girgiza, gashin wuyansa na bara yana rataye kamar tsohon bargo. Ya juyo da kai ya zuba mana ido. Muka tsaya cik, muka ja da baya sannu a hankali ba tare da mun juya masa baya ba, muka zauna a kan wani dutse can nesa. Sai da muka yi kusan minti arba'in kafin ya ga dama ya gangara. Haka ake yi: a jira, ko a yi babban zagaye, ko a koma. Ka lura da wutsiya. In tana rataye, hankalinsa kwance yake. In ta miƙe sama, ka riga ka matsa kusa fiye da kima. An fi jin tsoronsu a Afrilu da Mayu lokacin da mata ke da jarirai, da Yuli da Agusta lokacin barbara.

A da miliyoyinsu ne ke yawo a waɗannan filaye, aka yi musu kisan kare dangi har suka koma 'yan ɗaruruwa a ƙarshen shekarun 1880. Na wannan gandu an dawo da su ne a Oktoba 2009, guda 13 daga gandun Wind Cave na jihar Dakota ta Kudu, suka hayayyafa. Ba kullum ake ganinsu kusa ba. Wata rana ɗigo-ɗigo baƙaƙe za ka hango a can gefen tudu, don haka tabarau mai jawo nesa yana da amfani.

Ana kafa tanti a kwana a ciki?

Ba a yi. Mutane da yawa sun ɗauko tanti tun daga nesa suka iso suka tarar da haka. Kana iya tafiya cikin dare, amma ba ka da izinin ya da zango ko hura wuta.

Akwai mafita kusa. Chase State Fishing Lake ƙaramin tafki ne a yamma da garin Cottonwood Falls, tafiyar kamar kwata ɗaya a mota daga gandun. Hukumar kula da namun daji ta jihar ce ke riƙe da shi, ana kafa tanti kyauta, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar wuri. Babu wani jin daɗi, banɗakin rami ne, kuma ka zo da ruwan shanka. Amma tuddan ciyawa sun kewaye shi, kuma a bayan madatsar akwai 'yar gangarar ruwa da ke zuba a kan duwatsu idan an yi ruwa. Mai iyali da ke son wurin wanka da lantarki ya nufi Council Grove Lake, ƙasa da rabin awa arewa, inda ake biya ana kuma kama wuri tun kafin a zo ta shafin intanet na Recreation.gov. Wanda ba ya son kwanan waje zai sami otal a Emporia.

Maganar tanti a Kansas maganar iska ce. A kafa turaku duka, har da igiyoyin gefe da mutane kan yi wa kasala, a juya ƙofar tanti ta ba iska baya. Ƙasar tana da dutse, a zo da guduma da turakun ƙarfe masu kauri. In an hana hura wuta saboda fari, a kiyaye, don tartsatsi ɗaya a busasshiyar ciyawa ya isa.

Wanda burinsa lalle ya kwana a tsakiyar filin ciyawa, akwai Grasslands National Park a lardin Saskatchewan na Kanada, da sansanin Sage Creek a gandun Badlands na Dakota ta Kudu. Sai dai ciyawar can gajera ce.

Me zan ɗauka?

Ruwa kafin komai, lita biyu zuwa uku ga kowane mutum a doguwar hanya, don bayan ofishin baƙi babu famfo. Rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa, malafa ko hula mai igiya, dogon wando, da maganin shafawa na korar ƙwari.

Ƙwarin nan su ne abin da ba a faɗa wa baƙo. Akwai kaska, wadda duk mai kiwo ya sani, kuma ta nan tana ɗauke da cututtuka, don haka a duba jiki da na yara da yamma, musamman bayan gwiwa da hammata da cikin gashi. Akwai kuma wasu mitsi-mitsi da ido ba ya gani, sunansu chigger. Wani watan Yuli na zauna a cikin ciyawa na ci abinci na minti goma kawai. Washegari idon sawuna da inda ɗaurin wando yake suka cika da jajayen ƙuraje, ƙaiƙayin ya hana ni barci kusan mako guda. Tun daga ranar nake cusa ƙafar wando cikin safa, ina fesa magani a kai, in zan zauna kuma sai a kan dutse, ina komawa masauki in yi wanka da sabulu nan take.

Macizai masu dafi suna nan, har da mai ƙaraurawa a wutsiya, amma ba kasafai ake haɗuwa da su a kan hanya ba. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse. A bakin rafi kuma akwai wani tsiro mai ganye uku-uku, poison ivy, da ke sa fata ta yi bororo, a nuna wa yara hotonsa kafin a fita.

Guguwar Kansas da ake ji a labarai fa?

Gaskiya ce, an fi samunta daga Afrilu zuwa Yuni. Amma abin da ya fi barazana ga mai tafiya a nan shi ne aradu, domin a kan tudu marar bishiya kai ne abu mafi tsayi. A duba hasashen yanayi da safe. In ka ji rugugin tsawa, komai nisanta, ka sauka daga tudu ka nufi mota. Hadarin nan yana haɗuwa da sauri, amma yana da kirki ɗaya: da yake fili ne, kana hango shi tun daga nesa. Wayar hannu ba ta kamawa a wasu kwaruruka, saboda haka a sanar da wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

Sallah da abinci fa?

Babu masallaci a ƙananan garuruwan da ke kewaye. Akwai a Wichita da Kansas City da Manhattan ta Kansas, garin jami'ar jihar, kuma a manyan biranen nan ne za a sami naman halal, don haka a yi guzuri tun daga can. Wurin sallah kuwa ba ya wuya. Ina shimfiɗa darduma a kan faffaɗan dutse ko a gefen hanyar tsakuwa, ba a cikin ciyawa ba saboda ƙwarin da na ambata. Alƙibla daga Kansas arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda aka saba a gida. A ƙara ruwan alwala a lissafi. Mai azumi ya tuna cewa a Yuni yini yana kusan awa 15 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba ranar hawan tudu ba ce.

Za a iya zuwa da yara da tsofaffi?

Ƙwarai. Ko ba a yi nisa ba, akwai abin gani a ƙofar gandun. Wani mai shanu, Stephen F. Jones, ya gina gidan dutse a kan tudu a 1881, ya sa wa gonar suna Spring Hill saboda maɓuɓɓugar ruwan da ke wurin. Kusa da shi akwai ƙaton ginin dutse na ajiye dabbobi da abincinsu mai hawa uku, an gina shi a jikin gangara yadda amalanke zai iya hawa har sama. Ya kuma kewaye filinsa da katangar dutse ta kusan kilomita 50, wadda aka jera ba siminti, har yau wasu sassanta suna tsaye. Makarantar Lower Fox Creek da na ambata an gina ta a 1882, aka yi karatu a cikinta daga 1884 zuwa 1930, malami ɗaya da yara masu shekaru dabam-dabam a ɗaki guda. Yarana sun fi daɗewa a nan, da wajen bin wani ƙadangare mai baƙin layi a wuya da ke shanya a kan katanga. Kada a bar yara su yi gaba su kaɗai a makiyayar ɓauna, kuma ba a tsinkar fure ko ɗaukar dutse a tafi da shi.

In lokaci ya rage, a leƙa Cottonwood Falls a ga kotun gundumar da aka gina a 1873, wadda ta fi kowace kotu da ke aiki a Kansas daɗewa.

Kafin masu shanun nan, ƙasar wa ce?

Tambayar da na fi so a yi ke nan. Ƙasar farauta ce ta al'ummomin Kanza da Osage da Wichita da Pawnee. Sunan jihar ma daga Kanza aka samo shi, waɗanda ake wa laƙabi da mutanen iskar kudu, ana kuma kiransu Kaw. An matse su a wani keɓaɓɓen yanki kusa da Council Grove, daga baya a 1873 aka tashe su da ƙarfi zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma. Shekara takwas kacal tsakanin tashinsu da ginin gidan dutsen da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa. Ba su ƙare ba, suna da hukumarsu a Oklahoma, sun kuma sake mallakar wani yanki na tsohuwar ƙasarsu kusa da Council Grove, wurin tunawa mai suna Allegawaho Memorial Heritage Park, wanda ake iya ziyarta. Ina ganin bai kamata mutum ya zo ya yaba kyawun fili ya koma bai san wa aka kora daga cikinsa ba.

Ya cancanci mutum ya taso tun daga Najeriya ko Nijar saboda shi?

A'a, ba zan yaudari kowa ba. Mai neman giwaye da ruwan ɗumi, Yankari ta fi masa kusa da araha. Wannan na wanda ya riga ya shigo Amurka ne, karatu ko aiki ko ziyara, birni ya ishe shi, yana marmarin fili da sararin sama. Ga irinsa, yini ɗaya ko biyu a nan ya wadatar. In ya ƙara sha'awa, Konza Prairie tana kusa da Manhattan, wurin binciken jami'a ne mai hanyoyin tafiya da rana kawai. A Oklahoma kuma, kusa da Pawhuska, akwai wani gandun doguwar ciyawa da ya ninka wannan fiye da sau uku, mai ɓauna sama da dubu biyu, wanda ake zagawa da mota.

Da gaske ana iya shiga da dare?

Ana iya, kuma ina yi, amma a hanyar Southwind kawai, ba na shiga makiyayar ɓauna cikin duhu. A zaɓi daren da babu farin wata, a zo tun kafin magariba don a gane hanya, a ɗauki tocila da rigar sanyi ko da ranar ta yi zafi. Bayan faɗuwar rana za ka ji karnukan dajin da suke kira coyote, masu kama da dila, suna amsa wa juna daga tudu zuwa tudu. Ba sa kusantar mutum. Ka kashe tocilar, ka ajiye waya a aljihu, ka ba idonka minti ashirin ya saba. A daren Nuwamba, bayan isha'i, Kaza da 'Ya'yanta tana nan ta gabas, a saman rufin tsohuwar makarantar in ka tsaya ta yammacinta.